Folda Ko Kwamfuta: Me Ya Sa Ma'aikatan Asibiti Ke Jan Ƙafa?

Duk wanda ke zuwa asibiti a ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan ya ga canjin da ake ƙoƙarin kawowa. A da, abu na farko da mara lafiya zai yi shi ne ya miƙa katinsa a ɗakin ajiyar folda, ya nemi benci ya zauna, ya jira a lalubo masa takardunsa. Yanzu kuwa a wurare da yawa kwamfuta ce a kan tebur, tun daga wurin rajista har ofishin likita da ɗakin magani. To amma jama'armu na zango, daga Nima da Maamobi da Sabon Zango a Akra har zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, ƙorafi iri ɗaya suke kawo mana. Suna cewa an sa kwamfuta amma layi bai ragu ba, likita ya fi kallon na'ura bisa ga kallon mara lafiya, wani wurin ma kwamfutar na nan a lulluɓe da ƙyalle, ma'aikata sun koma wa biro da takarda kamar ba a taɓa kawo ta ba.

Abin da aka fi saurin faɗa a majalisa shi ne ma'aikatan ne ba sa son ci gaba, ko kuwa ƙyuya ce ke damunsu. Mu dai a ɓangaren matasa muna ganin ruwa ba ya tsami banza. Idan nas da ta shekara 20 tana aiki ba dare ba rana ta ƙi wani sabon tsari, ya kamata a tsaya a ji dalilinta kafin a yanke mata hukunci. Wasu dalilan nasu na da tushe, wasu kuma ba abin da ke cikinsu sai son zuciya, kuma wajibi ne mu rarrabe tsakaninsu, domin ko an ci nasara ko an faɗi, iyayenmu da matanmu da ƙannenmu ne ke zaune a bencin nan suna jira.

Abin da folda ta yi mana

Kafin mu shiga maganar ma'aikata, bari mu tuna wa kanmu dalilin da ya sa ake neman rabuwa da folda. Folda takarda ce, tana yagewa, ruwa na ɓata ta, gara na cin ta, kuma idan aka saka ta a kantar da ba tata ba, to sai dai a buɗe wa mutum sabuwa. Sabuwar folda kuwa ba ta san tarihin kowa ba. Dattijon da ya shekara 10 yana shan maganin hawan jini sai ya koma kamar yau ya fara zuwa, a sake gwaje-gwajen da aka riga aka yi, ya sake biya. Yaro mai sikila da aka taɓa yi wa ƙarin jini, ko mace mai ciki da aka yi wa tiyata a haihuwar baya, ko wanda jikinsa ba ya karɓar wani magani, duk rayuwarsu na iya rataya a kan layi ɗaya da wani likita ya rubuta shekarun baya.

Wannan ya fi shafar mu mutanen zango, domin mu mutane ne matafiya tun kakanninmu da suka zo fataucin goro. Direba zai tashi daga Akra ya kwana a Techiman ya wayi gari a Bawku. 'Yar kasuwa za ta yi awon ciki a Kumasi, ta je gidan iyayenta a Tamale ko Yendi ta haihu. Folda ba ta bin mutum, tana nan inda aka buɗe ta. Ga kuma rubutun likita wanda wani lokaci mai ba da magani sai ya yi ta juya takardar kafin ya gane abin da ake nufi. A Amurka, wani rahoto da Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasar ta fitar a 1999 ya ƙiyasta cewa mutane 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa kowace shekara a asibitocinsu sakamakon kurakuran da za a iya kauce musu. Wannan rahoto na cikin abubuwan da suka ƙara wa kiran a koma kwamfuta ƙarfi a can. Saboda haka mu ba ma cikin masu cewa a zauna a kan takarda har abada.

Inda aka fito

Ghana ba yau ta fara wannan tafiya ba. A 2003, zamanin Shugaba Kufuor, aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa domin a rabu da tsarin nan na sai ka biya a duba ka. Inshora kuwa ta zo da tulin takardu, domin kowane asibiti sai ya cika fom a kan kowane mara lafiya kafin hukumar NHIA ta biya shi, kuma biyan kan ɗauki watanni. A 2010 Ma'aikatar Lafiya ta fitar da tsarinta na amfani da na'ura a harkar lafiya. A 2012 Hukumar Lafiya ta Ghana ta fara amfani da DHIMS2 wajen tattara alƙaluman gundumomi ta intanet, kuma a shekarar ce aka yi dokar kare bayanan jama'a mai lamba 843. A ƙarshen 2018 aka fara sabunta katin inshora ta wayar hannu, abin da ya rage wa mutanenmu wahalar kwana a layi.

Babban yunƙurin shi ne tsarin LHIMS na kamfanin Lightwave, wanda aka yi niyyar ya haɗa asibitocin gwamnati ta yadda bayanan mutum za su bi shi duk inda ya je. A watan Oktoba na 2025 tsarin ya samu cikas, asibitoci da dama suka koma rubutu da hannu, layi ya yi tsawo. Ministan Lafiya, Kwabena Mintah Akandoh, ya fito ya ce kwangilar da aka sa wa hannu a 2019 ta dala miliyan 100 ce domin haɗa cibiyoyin lafiya 950, an biya kimanin dala miliyan 77, amma cibiyoyi kusan 450 ne aka haɗa. Kamfanin ya musanta zargin da aka yi masa, ya ce shi ne ma ke bin gwamnati kuɗin aikin da ya yi. Gwamnati ta sanar da sabon tsari mai suna GHIMS a madadinsa. Ba aikinmu ba ne mu raba wannan gardama, amma kowa ya san idan giwaye na faɗa ciyawa ce ke shan wahala. Ma'aikacin da aka tilasta wa koyon wani tsari, ya sha wahala har ya iya, sannan rana ɗaya aka ce ya koma takarda, gobe kuma ya koyi wani sabo, idan ya yi sanyin jiki ba za mu ga baƙinsa ba. Ƙananan asibitoci masu zaman kansu da ke cikin unguwanninmu ma suna kallon abin da ya faru, kuma ma'aikatansu sun ƙara samun hujjar da za su kawo wa mai asibiti duk ranar da ya zo da maganar kwamfuta.

Dalilin likita

Babban abin da ke damun likita shi ne lokaci. Likitan da ya saba rubutu da biro yana gama takardar mara lafiya cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, alhali kuwa idan bai iya buga rubutu a kwamfuta ba, da yatsa biyu zai yi ta neman haruffa. Mu yi lissafi mai sauƙi. A ce likita na ganin mutum 60 a rana, kwamfuta kuma ta ƙara masa minti 3 a kan kowane mutum. Minti 180 ke nan, wato awa 3 cur a kan aikinsa na kullum, kuma ba wanda zai ƙara masa ko sidi ɗaya a albashi. Mutanen da ke waje kuwa ba su san da wannan ba, shi za su yi ta yi wa tsaki.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar ƙasashe matalauta ce kawai. A birnin Los Angeles na Amurka akwai wani babban asibiti mai suna Cedars-Sinai da ya kashe kimanin dala miliyan 34 a kan tsarin da likitoci za su riƙa rubuta magani da gwaji ta kwamfuta. An fara amfani da shi a ƙarshen 2002, amma zuwa Janairun 2003 ɗaruruwan likitoci sun yi bore har aka dakatar da shi. Kukansu shi ne abin da suke yi cikin daƙiƙoƙi da biro ya koma cin mintoci, kuma na'urar na tsayar da su da gargaɗi barkatai a kan abubuwan da suka riga suka sani. Daga baya, a 2009, gwamnatin Obama ta yi dokar da ta ware biliyoyin daloli domin jawo hankalin likitoci, inda likita ɗaya kan iya samun har dala 44,000 idan ya koma kwamfuta, wanda ya ƙi kuma a rage masa kuɗin da ake biyansa. Kuɗi sun yi aikinsu: likitocin ofis masu amfani da irin wannan tsari sun tashi daga kashi 42 cikin 100 a 2008 zuwa kashi 86 a 2017. Sai dai kukan bai ƙare ba. Wani bincike da aka buga a 2016, wanda ya bi likitoci 57 a ofisoshinsu, ya gano cewa kashi 27 cikin 100 na lokacinsu ne kawai suke yi ido da ido da marasa lafiya, kashi 49 kuwa na tafiya a kan kwamfuta da aikin tebur, sannan wasunsu su ƙara awa ɗaya zuwa biyu da dare a gida.

Idan haka ta faru a inda wuta ba ta ɗaukewa, kuma kowane yaro ya tashi da kwamfuta a gabansa, me za a ce da asibitin unguwa mai likita ɗaya, a ƙasar da ma'aikatan lafiyarta ke ta ficewa zuwa Ingila da Kanada? Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Ghana cikin jerin ƙasashe 55 da ta ce a 2023 suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya. Wanda ya rage a gida aikin mutum biyu yake yi.

Dalilin nas da mai ajiyar folda

Ita kuwa nas, abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya shi ne aiki biyu. A wurare da yawa idan aka kawo kwamfuta ba a janye manyan littattafan rajista ba. Za ta auna jini da zafin jiki ta rubuta a littafi, ta sake shigar da shi a na'ura, ƙarshen wata kuma ta haɗa rahoto. Sau da yawa kwamfuta ɗaya ce ga mutum uku ko huɗu, sai an jira juna. Horon da ake bayarwa kuwa na kwana biyu ne ko uku, a tara kowa a ɗaki ɗaya, wanda ya iya da wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, daga nan masu koyarwa su kama hanyar Akra. Ranar da abu ya cije babu wanda za a kira.

Akwai kuma maganar girma, wadda mu 'yan zango muka fi kowa saninta. Babbar nas da kowa ke kira Maame ko Hajiya, wadda ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwa, yau ita ce za ta tsaya a gaban marasa lafiya tana roƙon yaron da ya zo bautar ƙasa ya nuna mata inda za ta danna. Ba kowa ne zai jure wannan ba. Da ta ce ba ta iya ba, gara ta ce na'urar ce ba ta da kyau. Wanda bai fahimci wannan ba zai yi ta sayen sababbin kwamfutoci, matsalar na nan inda take.

Shi kuma ma'aikacin ɗakin folda tsoronsa a fili yake. Aikinsa shi ne ya adana takarda ya kuma nemo ta, yanzu an ce ba sauran takarda. Idan mai asibiti bai zaunar da shi ya gaya masa matsayinsa a sabon tsari ba, to a ransa ya riga ya gama cewa sallama ce ke tafe, kuma ba mai taya wani haƙa ramin da za a binne shi.

Wuta da netwok

Ba mu manta da shekarun dumsor ba, musamman 2015, lokacin da unguwa kan yi awa 24 babu wuta. Ko da yake abin ya yi sauƙi daga baya, har yanzu wuta na ɗaukewa, netwok na yankewa. Folda ba ruwanta da janareta. Idan tsarin asibiti ya dogara kacokan ga intanet, to duk ranar da layi ya yanke likita ba zai ga tarihin mara lafiya ba, ɗakin magani ba zai ga abin da aka rubuta ba, mai karɓar kuɗi ba zai fitar da rasit ba. Ma'aikacin da ke gaban jama'a shi ke shan zagi, wanda ya sayo tsarin yana ofishinsa. Ko a Ingila, a watan Mayun 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitoci da na ofisoshin likitoci, aka ƙiyasta cewa an soke ganin likita da tiyata kusan 19,000. Don haka ma'aikacin da ya tambaya, "Idan na'ura ta tsaya me za mu yi?" tambayar hankali ya yi, kuma ya cancanci amsa a rubuce.

Dalilin da ba a faɗa a fili

Duk da haka, gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Akwai masu ƙin kwamfuta saboda tana toshe musu kafa. A tsarin takarda, folda kan "ɓace" har sai an miƙa ɗan wani abu, sannan ta bayyana. Ana iya tsallakar da wani a layi ba tare da wata shaida ba. Ana iya karɓar kuɗi babu rasit, ko a ce wa mai katin inshora maganin ya ƙare alhali yana nan a kanta. Kwamfuta kuwa tana rubuta sunan wanda ya shiga, da lokacin da ya shiga, da abin da ya canza, kuma tana ƙirga ƙwayar magani tun daga shigowarta har fitarta. Wanda ya saba da ci ta ƙarƙashin tebur ba zai fito ya ce wannan ne dalilinsa ba. Zai fake ne da kukan masu gaskiya, ya ce netwok ba kyau, ya ce na'ura na ɓata lokaci.

Mun yi imani irin waɗannan su ne 'yan kaɗan, kuma zalunci ne a shafa wa dukkan ma'aikata kashin kaji saboda su. Amma nan ne hikimar take: muddin ba a magance matsalolin gaskiya ba, mai son zuciya na da inuwar fakewa. Ranar da aka samar da wuta, aka ba da horo, aka janye aiki biyu, wanda ya ci gaba da turjiya shi da kansa ya nuna kansa.

Darasi daga Ingila da Malawi

Ingila ta ba duniya darasi biyu a wannan fage. A 2002 gwamnatin Tony Blair ta ƙaddamar da wani gagarumin shiri na haɗa asibitocin ƙasar a tsari ɗaya. Daga sama aka tsara shi, aka ba manyan kamfanoni kwangila, ba a saurari likitoci da nas-nas da za su yi aiki da shi yadda ya kamata ba. A 2011 gwamnati ta sanar da wargaza shi, kuma an ƙiyasta kuɗin da ya ci ya kusa fam biliyan 10. Amma a ƙasar dai, ƙananan ofisoshin likitocin unguwa sun riga manyan asibitoci komawa kwamfuta da shekaru masu yawa, ba tare da wani bore ba. Ɗaya daga cikin manhajojin da suka fi amfani da su, wato EMIS, likitocin wani ƙauye ne mai suna Egton a yankin Yorkshire suka faro ta a shekarun 1980 domin sauƙaƙa aikin kansu. Gwamnati kuma ta taimaka musu da kuɗin na'ura, sannan daga 2004 ta ɗaura wani ɓangare na kuɗin da take biyansu a kan bayanan da suka shigar game da masu ciwon suga da hawan jini da makamantansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da likita ya ga abin na rage masa wahala kuma yana ƙara masa samu, ba sai an kore shi da sanda ba.

A nan Afirka ma akwai abin koyi. A Malawi, tun daga 2001, wata ƙungiya mai suna Baobab Health ta fara aiki a babban asibitin Lilongwe. Sun lura cewa yawancin ma'aikata ba su iya buga rubutu ba, sai suka kawo na'urorin da ake taɓa fuskarsu da yatsa, tambaya ɗaya a kowane shafi, da manyan maɓallai. Suka haɗa su da batura saboda ɗaukewar wuta, kuma na'urar na buga 'yar takarda mai lamba a manna a littafin asibitin da mara lafiya ke riƙewa a hannunsa. Wato sun auna ma'aikacin da suke da shi da wutar da suke da ita, sannan suka ɗinka rigar daidai jikinsu.

Abin da ya shafe mu kai tsaye

Akwai matsaloli biyu da suka fi taɓa al'ummar zango, kuma ba mu cika jin ana maganarsu ba. Ta farko ita ce suna da ranar haihuwa. A layi ɗaya na unguwa za ka samu Muhammad Ali biyar da Fati Isa uku. Mutum ɗaya kuma katin inshorarsa na ɗauke da Issah, katin ɗan ƙasa na ɗauke da Issa, tsohuwar foldarsa kuma Isaka, domin kowane magatakarda yadda ya ji haka ya rubuta. Da yawa daga cikin tsofaffinmu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, sai aka yi musu ƙiyasi, shi ya sa za ka tarar da tarin mutane masu ranar haihuwa ɗaya. Tsohon ma'aikacin ɗakin folda ya san fuska, ya san wannan Fatin matar mai nama ce, waccan kuma 'yar gidan liman. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Idan aka haɗa bayanan mutum biyu wuri ɗaya, ana iya ba wani maganin da ba nasa ba. Wasu ma'aikatan na jan ƙafa ne saboda sun san idan irin wannan kuskure ya faru sunansu ne na'ura za ta nuna.

Ta biyu ita ce sirri. A zango kowa ya san kowa, kuma mai shara ko mai rajista a asibitin unguwa na iya zama maƙwabcinka ko surukinka. Folda na kulle a ɗaki ɗaya, wanda zai karanta ta sai ya je ya ɗauko. Amma idan ma'aikata duka na shiga da lambar sirri ɗaya, kamar yadda ake yi a wuraren da ba a kula ba, to kowa na iya buɗe bayanan kowa daga kowane tebur. Matar da ke neman haihuwa, da saurayin da ya yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, da mai fama da taɓin hankali, idan suka ji cewa asirinsu na iya fita, za su daina zuwa asibiti ne su koma wa masu tallar magani a tasha. Dokar 2012 da muka ambata ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin kare su, kuma bayanin lafiya na cikin waɗanda ta fi tsaurarawa a kansu. Haƙƙinmu ne mu tambayi asibiti wa ke iya ganin bayananmu.

Mafita

Ga masu ƙananan asibitoci, shawararmu ita ce a fara da zama da ma'aikata kafin a sayi ko waya ɗaya, a bar su su gwada tsarin su faɗi inda yake musu cikas. A shiga da shi kashi-kashi, a fara da rajista da karɓar kuɗi da ɗakin magani, a bar ofishin likita zuwa lokacin da sauran suka zauna. A makonnin farko a rage yawan mutanen da likita zai gani, ko a samo masa mataimakin da zai riƙa shigar da bayanai yayin da shi yake duba mara lafiya, kamar yadda wasu likitoci ke yi a Amurka, da sharaɗin mara lafiya ya yarda. A koya wa manya a keɓe, cikin mutunci, ba a gaban yaransu ba. A gaya wa mai ajiyar folda a fili cewa shi ne zai koma mai kula da rajistar na'ura, domin ba wanda ya fi shi sanin mutanen. A tanadi batura ko sola, a zaɓi tsarin da ke aiki a cikin gida ko da intanet ta yanke, a kuma ajiye fom na takarda domin ranar da komai ya tsaya. Kowane ma'aikaci ya samu lambar sirrinsa shi kaɗai. Sannan a sa ranar da za a rufe tsofaffin littattafai, domin muddin ana aiki biyu, takarda ce za ta yi nasara.

Ga gwamnati kuwa, abin da ya faru a 2025 ya isa ishara. Bayanan marasa lafiya dukiyar ƙasa ce, kuma kowace kwangila ya kamata ta fayyace cewa ko an rabu da kamfani bayanan na nan a hannun hukuma, cikin sigar da wani tsarin zai iya karantawa. Kada harkar lafiya ta zama abin da kowace sabuwar gwamnati za ta rushe ta sake ginawa. A sa koyon kwamfuta sosai a makarantun nas da na ungozoma, a kuma saurari ƙungiyoyin likitoci da na nas-nas tun a matakin tsarawa.

Mu ma matasa akwai namu. Yawancinmu mun gama sakandare, mun iya waya da kwamfuta, wasunmu kuma na zaune babu aiki. Mu duba katunan iyayenmu, mu tabbatar sunan da ke katin inshora ya yi daidai da na katin ɗan ƙasa, inda aka samu bambanci mu raka su a gyara tun kafin ciwo ya zo. Mu raka tsofaffin da ba sa jin Turanci ko Twi zuwa asibiti. Kowane gida ya ajiye ɗan littafi da aka rubuta magungunan da mai ciwon suga ko hawan jini ke sha, saboda ranar da aka ce netwok babu. Muna roƙon sarakunan zango da limamanmu su ba da dama a yi wa jama'a wannan bayani a masallatai da wuraren suna da biki. Idan kuma muka tarar da nas na fama da na'ura, mu yi mata haƙuri, zagi ba ya dawo da netwok. Wanda kuwa aka nemi ya ba da wani abu kafin a duba shi, ya kai ƙara ga shugabannin asibitin, mu kuma a shirye muke mu raka shi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwamfuta za ta shiga asibitocinmu ko ba jima ko ba daɗe, kamar yadda ta shiga banki da ofishin fasfo. Abin da muke nema shi ne ta shigo ta hanyar da ma'aikaci zai karɓe ta da hannu biyu, mara lafiya kuma ya ga amfaninta a jikinsa da aljihunsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.